Sanyin Santambul Bai Isa Hujjar Barin Yaro A Gida Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a gidajenmu, wadda da wuya ka ji wani ya musa ta. Idan tafiya ta kama magidanci ko uwargida zuwa wani babban birni na ƙasashen sanyi a watan Disamba ko Janairu, sai a ce lallai a bar yaro a gida. Na fi jin ta a kan Santambul ta ƙasar Turkiyya, domin tana cikin biranen da mutanenmu suke yawan zuwa a 'yan shekarun nan. Wasu saro kaya ke kai su unguwar Laleli, wasu ganin likita, wasu ziyarar 'ya'yansu ɗalibai. Ga shi kuma hutun makaranta na ƙarshen shekara yakan faɗo daidai lokacin da sanyi ya kankama a can.

Masu wannan ra'ayi mutanen kirki ne, kuma ƙauna ce ta sa su faɗa. Yawanci kaka ce, ko gwaggo, ko wata babbar yaya da ta raini 'ya'ya da jikoki, ta ga yadda tari yake hana yaro barci cikin hunturu. Abin da suke cewa shi ne: yaron da aka haifa a Kano ko Damagaram jikinsa bai san irin wancan sanyi ba, da ya shaƙe shi sai mura, daga mura sai nimoniya. Sukan ƙara da cewa a lokacin sanyi babu abin gani, gari a rufe yake, rana ba ta daɗewa, sai dai a ƙare a ɗakin otal. Daga ƙarshe su ce ai yaro ba zai tuna komai ba, asarar kuɗi ce kawai da wahalar da ɗan mutane. Na kawo hujjojin yadda masu su suke faɗar su, ban rage musu ƙarfi ba. Akwai gaskiya a wasu sassansu, zan kuma nuna inda take. Amma hukuncin da aka gina a kansu, wato hana yaro mai lafiya tafiya saboda sanyi kaɗai, kuskure ne.

Mu fara da babbar hujjar, wadda sauran suka jingina da ita, cewa sanyi ne ke kawo mura. Mura ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, irin waɗanda ake kira bairos, kuma nau'insu ya haura 200. Suna shiga jiki ne daga numfashin mai ɗauke da su, ko tarinsa da atishawarsa, ko daga hannun da ya taɓa inda suka sauka sannan ya shafi hanci ko ido. Nimoniya ma haka take, ƙwayoyin cuta ne ke kama huhu. Inda babu ƙwayar, iska mai sanyi ba ta ƙirƙiro ta. An daɗe da gwada wannan. A garin Salisbury na Ingila an buɗe wata cibiyar binciken mura a 1946, ta yi aiki sama da shekara 40. Cikin gwaje-gwajen farko da aka yi a wurin, an sa masu sa-kai sun jiƙe sun tsaya inda iska ke kaɗawa har suka ɗauki sanyi, aka kwatanta su da waɗanda aka bari cikin ɗumi, ba a ga cewa sanyin ya ƙara musu kamuwa ba.

Mai tambaya zai ce, to me ya sa mura ta fi yawa a lokacin sanyi, a can da nan gida? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ita ce ke warware rikicin. Idan gari ya yi sanyi mutane kan cunkushe a ɗaki, a rufe tagogi, kowa na shaƙar numfashin ɗan'uwansa. Busasshiyar iska kuma tana taimaka wa wasu ƙwayoyin su daɗe, tana busar da cikin hanci. Akwai ma binciken baya-bayan nan da ke nuna cewa idan cikin hanci ya yi sanyi sosai, garkuwar da ke wurin takan ɗan yi rauni. Wannan ita ce gaskiyar da ke cikin maganar iyayenmu, kuma ban raina ta ba. Sai dai a duba abin da take nunawa. Yaron da aka rufe wa wuya da hanci yana tafiya a filin Sultanahmet na Santambul, iska na kaɗawa, ya fi nisa da mura a kan wanda aka zaunar a rufaffen wuri cikin cunkoso ana ta tari a kansa. Inda ya kamata uwa ta fi sa ido shi ne cikin jirgin sama, da layin filin jirgi, da taragon da ya cika maƙil. Maganin wannan kuwa sananne ne: wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, hana yaro sa hannu a ido da hanci gwargwadon iko, da tabbatar da cewa rigakafinsa ya cika kafin a tashi. Allurar rigakafin nimoniya tana cikin jadawalin rigakafin yara a Najeriya, kuma a duba katin yaro ya fi a soke tafiyarsa amfani.

Sai batun cewa jikin ɗan ƙasar zafi bai san wancan sanyi ba. Wane sanyi ake nufi? Mutanenmu kan haɗa duk ƙasashen da ke arewa da mu a kwando ɗaya, a ɗauka ko'ina ƙanƙara ce har gwiwa. Santambul ba Mosko ba ce, inda ake shafe makonni ma'auni na ƙasa da sifili. A watan Janairu, wanda yana cikin mafi sanyin watanninta, ma'auni yakan yi yawo ne tsakanin digiri 3 da dare zuwa 8 ko 9 da rana. Dusar ƙanƙara takan sauka, amma na 'yan kwanaki ne a shekara, yawanci ta narke da wuri. A Kano kuwa, da asubahin tsakiyar hunturu, ma'auni kan sauka zuwa digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka, a Jos ya fi haka sauka. Tazarar tana nan, amma ba ta kai yadda ake zato ba.

Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Gidajenmu an gina su ne don korar zafi, saboda haka idan ɗari ya shigo babu inda yaro zai fake, ɗakin da sanyi, tsakar gida da sanyi, ruwan wanka da sanyi, haka zai fita makaranta da sassafe cikin 'yar suwaita. Wasu gidajen har garwashi ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, wanda hayaƙinsa marar wari ya fi sanyin haɗari nesa ba kusa ba. A Santambul kuwa an gina gari ne da sanin cewa sanyi na zuwa kowace shekara. Ɗakin otal da ɗumi, gidan abinci da ɗumi, taragon jirgin ƙasa da cikin jirgin fito duk da ɗumi, ruwan zafi na zuba a famfo. Sanyin da yaro zai sha shi ne na tsakanin wannan ƙofa da waccan. Birnin na ɗauke da mutum sama da miliyan 15, cikinsu har da 'ya'yan 'yan Afirka da aka kai da waɗanda aka haifa a can, kullum suna fita makaranta a cikin wannan yanayi. A ƙasashen da suka fi nan sanyi ƙwarai, irin su Finlan da Norwe, iyaye kan kwantar da jarirai barcin rana a waje cikin keken turawa, a naɗe su da kyau. Ban ce a kwaikwaye su ba. Na kawo su ne don a ga cewa abin da ke raba yaro da cutarwar sanyi shi ne sutura da kula.

A nan ne ya kamata tsoron iyayenmu ya koma, domin a nan yake da amfani. Jikin yaro ya fi na babba saurin zubar da ɗumi, saboda faɗin fatarsa yana da yawa idan aka gwada da nauyinsa, kuma yaro ba ya faɗin yana jin sanyi sai abu ya yi nisa, musamman idan wasa ya ɗauke masa hankali. Shi ya sa likitocin yara kan ba da shawarar a ƙara wa ƙaramin yaro riga ɗaya a kan adadin da babba ya sa. Riguna marasa kauri hawa-hawa sun fi ƙatuwar riga guda: ta ciki mai kama jiki, suwaita a kanta, sannan babbar rigar sanyi wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. Amfanin hawa-hawan shi ne idan an shiga wuri mai ɗumi a cire ta sama, kada yaro ya yi gumi, domin jiƙaƙƙiyar riga a jikin yaro ita ce ke jawo masa sanyi na gaske idan aka sake fita. Hular da ta rufe kunne, safar hannu, mayafin wuya, safa mai kauri da takalmi sau-ciki wanda ba ya shan ruwa, waɗannan ba ado ba ne. A riƙa yawo da safa ta canji a jaka, don sanyin Santambul na ruwa ne, damina da hunturu a can lokaci guda suke zuwa, kuma ƙafar da ta jiƙe ita ke ɓata yini. Yaron da ke zaune a keken turawa ya fi mai tafiya da ƙafarsa jin sanyi tunda ba ya motsi, sai a ƙara masa bargo, a riƙa taɓa wuyansa da hannuwansa. Man kaɗanya ko basilin da muke shafa wa yara a gida saboda kaushi da tsagewar leɓe, shi ne dai za a shafa a can. Wani abu kuma da zai sauƙaƙa: famfunan alwala na manyan masallatan a waje suke, ruwansu da sanyi ƙwarai, gara a fito daga masauki da alwala.

Mu koma ga hujja ta biyu, cewa babu abin gani. Wannan ita ce mafi rauni, domin yawancin abin da ake zuwa gani a Santambul a ƙarƙashin rufi yake, kuma a buɗe yake rani da damina. Ayasofiya, wadda aka kammala a shekarar 537 zamanin sarkin Rumawa Justiniyan, ta zama masallaci bayan Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, aka sake mai da ita masallaci a 2020, tana nan tsaye. Daura da ita, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa, ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida. Kusa da su kuma akwai wurin da na fi so a kai yaro, wata tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da Turkawa ke kira Yerebatan, wadda aka gina tun ƙarni na 6. Ana sauka da matakala, sai ka tsinci kanka cikin dajin ginshiƙan dutse 336, ruwa a ƙasa, fitilu na haska su, sautin ɗigon ruwa na amsawa. Yaron da ya gaji da jin shekaru da sunayen sarakuna, a nan zai yi shiru ya buɗe baki, kuma iskar waje ba ta isa wurin.

Fadar Topkapi, inda sarakunan Daular Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400, tana da ɗakin da aka ajiye kayan tarihi masu alfarma, har da takubban da ake dangantawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, ana karatun Alƙur'ani a wurin. Ita kam tana da filaye da yawa a buɗe, sai a zaɓa mata ranar da gari ya washe, a kuma tuna ba ta buɗewa ranar Talata. A unguwar Eyub akwai kabarin Abu Ayyub Al-Ansari, sahabin da Annabi (SAW) ya sauka a gidansa lokacin da ya iso Madina. Yaron da ya ji wannan suna a bakin malamin Islamiyya, ka tsayar da shi a wurin ka ce ga inda yake kwance, ai gani ya kori ji. Idan ruwa ya tsuge, babbar kasuwar nan mai rufi, Kapalicarshi, mai shaguna kusan 4,000, tana nan, in ban da Lahadi, ko da yake cunkosonta na sa a riƙe hannun yaro gam. Ga gidan tarihi na Rahmi Koc a bakin ruwa, cike da tsofaffin motoci da kawunan jiragen ƙasa da jiragen sama da na ruwa, wurin da yaro zai yini bai nemi a tafi ba. Ga kuma Panorama 1453, inda aka zana yaƙin cin birnin a bango mai kewaye da mai kallo ta ko'ina, da ƙarar igwa a kunne.

Amma abin da ya fi duk waɗannan a idon yaro ya fi su araha. Jirgin fito ne daga Eminonu zuwa Uskudar ko Kadikoy, tafiyar da ba ta wuce minti 20 ko makamancin haka. A cikinta yaro zai tashi daga nahiyar Turai ya sauka a nahiyar Asiya, yana zaune bakin taga cikin ɗumi, mai shayi na zagayawa da ƙananan kofunan gilashi, fararen tsuntsayen teku na bin jirgin suna cafke gutsuren burodin da fasinjoji ke jefa musu tun bai faɗa ruwa ba. A dawowa sai a shiga jirgin ƙasa na Marmaray, wanda aka buɗe a 2013, a ratsa ƙarƙashin tekun da aka haye ɗazu. Ka gaya wa ɗan shekara bakwai cewa yanzu haka jiragen ruwa na wucewa a saman kansa, ka ga abin da fuskarsa za ta yi. Akwai ma abubuwan da sai da sanyi ake jin daɗinsu: salep, wani abin sha na madara mai kauri da zafi da ake barbaɗa wa kirfa, da gasassun 'ya'yan itacen kestane da ake sayarwa a amalanke a bakin titi, da miyar adas mai zafi wadda da wuya ka shiga gidan abinci ka rasa. Ƙari a kan haka, dogayen layukan da masu zuwa a Yuli da Agusta ke tsayawa a ƙofar waɗannan wurare sukan ragu sosai da sanyi, in ban da makon sabuwar shekara, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa layi da yaro ya san darajar wannan.

Gajartar rana gaskiya ce. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8:25 na safe, ta faɗi wajen 5:40 na yamma. Sai dai yaro dama ba ya iya yawon awa goma. Wuri ɗaya babba da hantsi, a ci abinci mai zafi, a yi sallah, wuri ɗaya ƙarami bayan azahar, a koma masauki kafin magariba, wannan shi ne gwargwadon ƙarfinsa ko da rani ne. Yawancin abin da ake ɗora wa sanyi laifinsa, gaggawar manya ce ta jawo shi: uba na son ya ga wuri biyar a yini don kuɗinsa su fita, yaro ya gaji, ya ji yunwa, ya fara kuka, a dawo gida a ce ai dama an faɗa. Haka kuma yanayi kan ɓata shiri. Iskar kudu maso yamma da Turkawa ke kira lodos ko hazo kan sa a dakatar da jiragen fito, kuma a Janairun 2022 dusar ƙanƙara ta sa an dakatar da tashi da saukar jirage a babban filin jirgin saman birnin. Mai tafiya da yaro sai ya bar rana ɗaya babu shiri a cikinta, kada kuma ya matse ranar dawowa da ranar komawa makaranta.

Saura cewa yaro ba zai tuna ba. Idan ɗan shekara biyu ake nufi, haka ne, mutane ƙalilan ne ke tuna abin da ya faru kafin su kai shekara uku ko huɗu. Amma ɗan shekara shida ko takwas yana tunawa, wani lokaci fiye da uban da hankalinsa ke kan canjin kuɗi da awon kaya. Kuma tun yaushe muka fara auna abin da muke yi wa 'ya'yanmu da ma'aunin tunawa? Uba kan ɗora ɗansa a wuya cikin rana da ƙura ya kai shi kallon Hawan Daushe, bai taɓa tsayawa tambayar ko zai tuna ba, domin ya san abin da yaro ya gani yana shiga cikinsa ko da ya manta ranar. Yaron da ya ga teku da idonsa, ya ji kiran sallah daga hasumiyoyin da suka shekara ɗaruruwa, ya ga yara irinsa masu wani harshe suna bin sahu ɗaya da shi, ya taɓa dusar ƙanƙara in Allah ya sa ta sauka, darasin tarihi da na labarin ƙasa ba za su sake zame masa haddar banza ba. Batun kuɗi kuwa, kowa ya san aljihunsa, kuma ba na kiran kowa ya ci bashi don yawon buɗe ido. Maganata ga wanda tafiyar ta riga ta kama shi ce, yana da halin tikitin yaron, sanyi kaɗai ke sa shi ja da baya. Ga irin wannan, kuɗin otal ma yakan sauka da sanyi.

Akwai yaran da maganar iyayenmu ta dace da su ɗari bisa ɗari, kuma zalunci ne in rufe ba tare da na ambace su ba. Na farko mai cutar sikila. Sanyi na cikin sanannun abubuwan da ke tayar masa da ciwo, tare da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya, kuma doguwar tafiyar jirgin sama kan haɗa su duka. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan lalura, saboda haka wannan gargaɗi ya shafi gidaje da yawa a cikinmu. Haka mai asma, wanda iska mai sanyi kan shaƙe wa ƙirji, da jariri sabon haihuwa ko bakwaini, da yaron da bai gama murmurewa daga wata rashin lafiya ba. Waɗannan ba a yanke musu hukunci a falo. Likitan da ya san yaron shi zai ce a je ko kada a je, in kuma ya ce a je, ya faɗi magungunan da za a riƙe da abin da za a yi in ciwo ya tashi a can.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu mata da kakanninmu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, idan ɗanku ko 'yarku suka zo sallama da jika a hannu za su Santambul da sanyi, kada ku ce a bar shi. Ku tambaya ko rigakafinsa ya cika, ku tambaya ko likita ya duba shi, ku buɗe jakar ku ga hular da safar da takalmin da idonku, ku ja wa uban kunne kada ya wahalar da yaro da dogon yawo. In waɗannan sun cika, ku sa masa albarka ya tafi.